Wuta ta tafi, muka faɗa 1900

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a, yau tun ƙarfe goma dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta same mu a ofis a nan Kumasi, janareto kuma wai babu mai, sai na zauna na kalli wani fim na yaƙin Yaa Asantewaa, sarauniyar Ejisu da ta jagoranci Asante yaƙi da Turawan Ingila, a waya har batir ya kusa mutuwa, ga abun da ya zo min, mai iyawa ya amsa

Tun asuba na hau motar haya ta trotro, Kejetia ta riƙe ni gumi har wuyana,
Na iso Adum takwas da kwata, an ja jan biro a kan sunana,
Manaja sai sha ɗaya ya shigo, shi ne mai tambayar lattina,
Firinta ta haɗiye takarda, wuta ta tafi da sauran aikina.
Sai ga Kumasi ta 1900 tana motsi a tafin hannuna,
Gwamna Hodgson na neman kujerar zinari wai ya hau, na ce kai ga manajana,
Kujerar da ko Asantehene, sarkin Asante, ba ya zama a kai! dariya har ciwon cikina.

'Yar Asawase:
Hhh Yaya bar kukan firinta, ni ma na kalle shi ran Lahadi, ji nawa

Shekara shida ina lissafi, digiri na kwance a jakata,
Amma in baƙi suka zo ofis, dafa shayi ne sana'ata,
Na kawo shawara a mitin ba wanda ya ji muryata,
Mai gemu ya maimaita, aka tafa masa a kan maganata.
Shi ya sa tsohuwar Ejisu ta zauna min a zuciyata,
Sarki Prempeh na hannun Turawa tun 1896, maza sun yi tsit, ta ɗau bindigarta,
Aka tsare gwamna a barikinsa, yunwa ta koya masa darajarta,
A Seshel ta rasu 1921, ba ta sake ganin ƙasarta.

(amma dan Allah wa ya sa mata gashin ido na kanti a fim ɗin? tsohuwa a fagen yaƙi fa, wlh abun ya ɓata min rai)

Baffan Alabar:
'Ya'yana sannunku. Barikin nan yana nan a Adum, gidan tarihin soja ne yanzu, kullum kuna wuce shi ba ku leƙawa.

Ku kun kalli gwamna da tsohuwa, ni na kalli na tsaye a bayansu,
Masu jar dara ba takalmi, sojan Hausa, ko kalma ba a sa ba a bakinsu,
Tun zamanin Bature Glover daga Ikko aka fara ɗibarsu,
Yaƙin 1874 da Kumasi ta ƙone ma akwai sawunsu,
Da yawa bayi ne da suka gudo, kakin soja ya zama mafakarsu.
Shekara talatin na yi masinja, na san nauyin da ke kansu,
In ta ɓaci kai ne a gaba, in ta yi kyau manya su sa sunansu.

Ɗan Nima:
Baffa a gafarce ni, daga Ankara, wato Accra, nake ɗan sa baki

Ba duka ne suka zo da bindiga ba,
Kakan kakana goro ya biyo zuwa Salaga da jakai, bai taɓa sara wa Bature ba,
Ba don basasar 1892 ta watsa kasuwar ba, da ba mu gangaro kudu ba,
Fim ɗin fatake nake jira, har yau idona bai gan shi ba,
Kamar alawus ɗina na bara, shi ma bai fito ba.

Ɗan Aboabo:
Toh jama'a wuta ta dawo, firinta ta farka tana ta tofo takardar ɗazu har kofi goma sha biyu na rasa inda ake kashe ta ga manaja na ƙwala min kira daga sama, Baffa bashin amsarka na wuyana, sai na sauka trotro in sha Allah