Kiɗa ɗaya, mawaƙa barkatai: yaya ake jera faifan Sleng Teng?

Ɗan Tasha: Salamu alaikum masana rege, kiɗan nan na Jamaika. Tsohon faifan nan na Sleng Teng da furodusa King Jammy ya fitar, tun daga farko har ƙarshe kiɗan ɗaya ne, murya kawai ke canjawa. Rowa ce ko tsari? Kuma mai sa kiɗa a wajen taro, yaya zai jera waƙoƙin ba tare da sun yi karo ba?

Mai Garmaho: Wa alaikumus salam. Tsari ne, malam. A Jamaika kiɗan da ba murya a kansa shi ake kira ridim, kuma yana hannun furodusa ne. Sau ɗaya ake ɗaukarsa a tef, a bar layin murya fayau, kowane mawaƙi ya zo ya ɗora tasa. Kuɗin makaɗa da na sitidiyo sau ɗaya aka biya, waƙoƙi kuwa sai yadda hali ya yi.

Shi Sleng Teng ma ba makaɗa ne suka buga shi ba. Yana cikin ƙaramin fiyanon lantarki Casio MT-40 na 1981, wata ma'aikaciyar kamfanin a Japan, Okuda Hiroko, ce ta tsara shi. Makaɗi Noel Davey da mawaƙi Wayne Smith suka tono shi suka kai wa Jammy a unguwar Waterhouse ta Kingston. Ya rage masa gudu, ya ƙara fiyano da tafi. A 1985 ya buga shi a karawarsa da Black Scorpio, wasu masu sa kiɗa a taro, daga nan mawaƙa su Tenor Saw da Johnny Osbourne da Sugar Minott kowa ya hau.

Kwamanda Bes: Batun jerawa, sai da na'urar faifai biyu da mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautinsu. Kada ka bar waƙa ta kai ƙarshe, in ba haka ba mutane za su gaji da jin abu ɗaya. Amshi da baiti ɗaya sun isa, wajen minti ɗaya. Ka riƙa ƙirga bugu huɗu-huɗu, in ka yi takwas ko sha shida sai ka saki na biyun a kan bugun farko.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Tun da iri ɗaya ne a faifan biyu, in suka hau juna da ɗan saɓani kaɗan sai su cinye juna, ka ji ƙasan kiɗan ya zama holoƙo. Ka kashe bes na mai shigowa, sai ka sauke na farko sannan ka buɗe shi. Murya biyu kuma kada su haɗu. A giɓin da mawaƙi ya yi shiru ake shiga.

Mai Garmaho: Ƙari kaɗan: babban faifan na saurare ne a gida. Na aiki su ne ƙananan masu inci 7, masu juyi 45 a minti, waɗanda bayansu kiɗa ne zalla. Raminsu babba ne, sai da zoben da ke cike tsakiya. Wasu bugun Jamaika ramin ya kauce, za ka ga hannun allura na lilo, sautin na hawa da sauka. Irin wannan ba ya jeruwa da komai.

Kwamanda Bes: Kuma a duba sunan kamfani a jikin faifan. Furodusoshi da dama sun sake buga nasu Sleng Teng ɗin, gudunsu bai zo ɗaya da na Jammy ba. Na'urar faifai Technics SL-1200 MK2 kashi 8 cikin ɗari na gudu kawai take ƙarawa ko ragewa, kuma tun kafin ka kai ƙarshen maɓallin muryar mawaƙin ta fara sirancewa.