Tumatir ɗin buhu a tsakar gida: ganye na nannaɗewa, gindin 'ya'ya na yin baƙi

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tumatir ne buhu takwas a tsakar gida, wata biyu da dashe. Ganyen sama yana nannaɗewa, wasu ganyen sun yi dabbare-dabbaren fari kamar an watsa musu ruwan zafi, 'ya'yan farko kuma gindinsu ya yi baƙi. Wane magani zan aika a sayo?

Malamin Gona: Wa alaikumussalam. Maman Ummi, kada ki sayi komai tukuna. Cuta uku kika lissafa, kowace da sanadinta, kuma biyu daga ciki ba a yi musu feshi. Gobe da sassafe ki girgiza shukar a hankali, in wasu ƙananan fararen ƙwari suka tashi kamar gari, farin ƙuda ne. Sai ki duba wane ganye ne ya nannaɗe. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe sama suna nan kore shar, zafi ne da ƙishi, ba komai. In kuwa sabon toho ne yake fitowa ƙanana, gefensa rawaya, ya lanƙwashe kamar cokali, shukar ta daina tsawo, to cutar da farin ƙuda ke ɗaukowa ce, kuma ba ta da magani. Ki tuge wanda ya kamu, ki sa a leda ki ɗaure kafin ki fita da shi, don kada ƙudan su watsu kan sauran.

Baba Mai Lambu: Dabbaren farin nan shi ya fi tayar min da hankali. 'Yata, ɗauko ganye ɗaya ki ɗaga shi saitin rana. In kin ga wurin ya zama kamar leda, tsokar ganyen ta tafi sai fata, da ɗan baƙin kashi a ciki, har da 'yar tsutsa da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, to sharon ce, wadda ta cinye tumatir ɗin Kano da Kaduna a 2016. In kuwa siririn layi ne mai kwana-kwana kamar zanen yaro, wannan tsutsar wani ƙuda ce, ɓarnarta kaɗan ce.

Sharon a cikin ganye take zama, shi ya sa feshin sama ba ya cika samun ta. A buhu takwas hannu ya fi magani. Duk kwana biyu a bi ganye ɗaya bayan ɗaya, a murƙushe tsutsar da yatsa tana ciki, wanda ya lalace da yawa a cire. Kada a yar da shi a gindin shuka, don a ƙasa take rikiɗa ta fito da fiffike. A leda za a ɗaure a bar shi a rana. Uwarta da dare take yawo, saboda haka a ajiye roba da ruwa da ɗan sabulu, a rataya fitila mai caji a kanta, nesa kaɗan da buhunan.

Maman Ummi: Baba na duba, akwai tsutsar. Farin ƙudan ma akwai, amma buhu ɗaya ne kawai tohonsa ya yi rawaya.

Ɗan Maraɗi: To alhamdu lillahi, da sauran gyara. Bedi za ki nema, wato darbejiya ko dogon yaro a wajenku. 'Ya'yan sun fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. A tsinto nunannu, a wanke tsokar, a shanya a inuwa har su bushe. A sussuka a turmi a hankali don ɓawon ya fashe, a sheƙe, sannan a daka ƙwayar. Gwaji shi ne giram 50 ga lita ɗaya, wato rabin kilo ga bokiti mai lita 10. A ƙulla garin a ƙyalle a jiƙa ya kwana, da safe a matse, a sake tacewa don kada ya toshe bakin abin feshi. A narka sabulun sanda kamar girman kan babban yatsa a zuba, shi ke sa ruwan ya kama ganye.

Kurakuran da ake yi guda uku ne. Ana fesawa da rana, alhali rana tana kashe ƙarfinsa, bayan la'asar sakaliya ake yi. Ana fesa saman ganye, ƙwarin kuwa a ƙarƙashi suke. Sannan ana fesawa yau a duba gobe a ce bai yi ba. Bedi ba ya kashewa nan take, hana ƙwaro ci yake yi, ya hana tsutsa girma. Sai an maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai, sau uku ko huɗu. Wanda aka haɗa a yi amfani da shi a ranar, kuma 'ya'yan da suka yi fumfuna ko suka haura shekara a ajiye a bar su.

Hajiya Babba: Ƙari a kan sabulu: ban da garin wanki, yana ƙona ganye. Ko na sandan ma a fara gwadawa a ganye biyu a jira kwana ɗaya. Turmin da aka daka darbejiya kuma a ware shi, ɗacin ba ya fita da wuri.

Na farin ƙuda, a yanka tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa gida-gida kamar tafin hannu biyu, a shafe da basilin, a kafa a kara daidai tsayin shukar. Launin ke jan su. In ta cika da ƙura da ƙwari a goge a sake shafawa, a hunturu ma duk kwana uku.

Yayan Abba: Baƙin gindin fa ai ƙarancin sinadarin kalsiyam ne. A daka ɓawon ƙwai a zuba, ko toka.

Malamin Gona: Rabin maganar gaskiya ce, Yaya. Kalsiyam ɗin ne bai isa ɗan tumatir ba, amma yawanci yana nan a ƙasar, ruwa ne ke kai shi. Buhu yana bushewa da sauri. In aka bar shi ya bushe ƙamas yau, gobe a malala masa ruwa, jibi a manta, to ɗan da ke girma a lokacin shi ke yin baƙin gindi. Ɓawon ƙwai sai ya yi watanni bai narke ba, ba zai ceci wannan zubin ba. Gyaran shi ne ban ruwa a kan lokaci: kowace safiya a tura yatsa gaɓa biyu cikin ƙasar, in babu danshi a zuba a hankali har ya fara ɗiga ta ƙasan buhun. Shuka mai 'ya'ya tana shan lita ɗaya zuwa biyu a rana, in iskar hunturu ta yi ƙarfi a raba safe da yamma. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. A rufe saman ƙasar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa uku, a bar ɗan fili kewaye da karan. 'Ya'yan da suka yi baƙi a cire, ba sa warkewa.

A kuma dakata da yuriya, wato farin takin zamanin nan. Yawanta yana tura ganye ya yi ta fita, ya ƙwace wa 'ya'yan rabonsu, kuma irin wannan ganye mai taushi darɓa da farin ƙuda suke so. A maimakonta a sa takin kamfa 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane buhu, duk mako uku, a binne a gefen buhun nesa da karan, a bi da ruwa.

Baba Mai Lambu: Toka tana da amfani, amma cikin hannu ɗaya ga buhu ya isa, kuma kada a haɗa ta da yuriya rana ɗaya, takin zai bi iska. Tunda an yi maganar rufe ƙasa, gara tana bin busasshen abu. A ɗora buhunan kan bulo ko duwatsu, ruwa ya samu hanyar fita, ita kuma a ga hanyarta da wuri.

Hajiya Babba: Don Allah abu ɗaya da nake roƙo: kada kowa ya fesa fiya-fiya ko maganin sauro a abin da zai shiga tukunya, balle a tsakar gidan da yara ke rarrafe. In sharon ta fi ƙarfin hannu da darbejiya, a je shagon maganin gona a nemi wanda aka rubuta tumatir a jikinsa, a bi ma'aunin takardar, a ƙirga kwanakin da ta ce a jira kafin a tsinka.

Malamin Gona: Haka ne Hajiya. A duba maganin da aka rubuta sinadarin emamectin ko spinosad a jikinsa. Irin su cypermethrin da lambda sharon ta saba da su a wurare da yawa, asarar kuɗi ce, kuma suna kashe ƙwarin da ke cin farin ƙuda.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Buhun da zan tuge fa, in sake dasa wani tumatir ɗin a ciki?

Ɗan Maraɗi: A'a, kuma ban da tattasai, attaruhu da gauta, dangi ɗaya ne. In kin tuge ki duba saiwar. In tana da ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai tsutsar saiwa a ƙasar, sai a juye ta a baza a kan leda ta sha ranar bazara sosai kafin a sake amfani da ita. In saiwar fara ce sumul, ki ƙara ruɓaɓɓen kashin awaki kwano ɗaya ki dasa albasa mai lawashi, tsakanin kowace da kowace yatsa huɗu.