Ina aka fi tono ƙasusuwan dangin kwaɗi da masu jan ciki na zamanin da?

Bilkisu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Duk abin da na buɗe kan halittun da suka shuɗe, dainoso ne ke cinye shafin, alhali ni hankalina yana kan waɗanda suka riga shi: dangin kwaɗi da suka fara taka tudu, da masu jan ciki na farko-farko. Waɗanne wurare ne suka cancanci in fara karatu a kansu, ko in je idan Allah ya hore?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malama Bilkisu. Ki fara da Joggins, a gaɓar tekun Nova Scotia a Kanada. Sama da shekara miliyan 310 da suka wuce wurin dajin fadama ne. Ambaliya kan binne gindin itatuwa da laka, cikin itacen ya ruɓe, kututture ya saura a tsaye da rami a ciki. A irin wannan kututturen Charles Lyell da William Dawson suka tsinci ƙasusuwan Dendrerpeton, dangin kwaɗi, a 1852. A 1859 Dawson ya samo Hylonomus, ɗan ƙarami mai kama da ƙadangare, tsawonsa kamar santimita 20, wanda ake lissafa shi cikin masu jan ciki mafi daɗewa da aka sani. Har yau masana suna muhawara ko faɗawa ramin dabbobin suka yi suka kasa fita, ko kuwa nan ne makwancinsu. Abin da ya sa na sa shi a gaba shi ne a nan za ki ga rabuwar hanya: kwaɗo dole ya koma ruwa ya yi ƙwai, dangin Hylonomus kuwa sun kama hanyar ƙwai mai rufin da ke hana shi bushewa a tudu. Tekun Fundy yana cikowa da ƙarfi yana zaizayar dutsen, don haka sabbin abubuwa ba sa daina fitowa. UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Idan kin je, ki bi ɗan jagora, ki kuma san lokacin cikowar ruwa.

Zainab A.: Na yarda da Malam, amma Yaya Bilkisu ta ce waɗanda suka fara taka tudu, to sai an ƙara ja baya zuwa gabashin Girinlan. Can aka tono Ichthyostega da Acanthostega, masu kimanin shekara miliyan 365. Ƙasusuwan da Jenny Clack ta kwaso a 1987 sun nuna Acanthostega yatsu takwas gare shi a hannu, yana da abin shaƙar iska a ruwa irin na kifi, hannun kuma bai isa ɗaukar nauyinsa a busasshiyar ƙasa ba. Ke nan ƙafa ta samu tun ana cikin ruwa, kafin a fito. Wurin karatu ne dai, ba na ziyara ba.

Nura: Kada ku manta jar ƙasar arewacin Teksas, wajen garin Seymour. Akwai Eryops, ƙaton dangin kwaɗi mai kusan mita 2, da Diplocaulus mai kai kamar an yi masa fikafikai, da Seymouria. Cikin masu jan ciki kuma ga Dimetrodon mai tozon ƙaya a baya. Garin yana da gidan tarihi, Whiteside, inda ake nuna abin da aka tono a yankin.

Malam Habu: Shawara ce mai kyau, Malam Nura, sai dai Dimetrodon ba ya cikin masu jan ciki a lissafin masana na yanzu. Rami ɗaya ne a ƙoƙon kansa bayan ido, wanda ya sa shi a reshen da dabbobi masu shayarwa suka fito. Dainoso ma ba shi ba ne, ya ƙare shekaru miliyoyi kafin su zo.

Hajiya Rabi: Ni Bromacker zan ce, a jihar Thuringia ta Jamus. Yawancin wuraren wancan zamani bakin ruwa ne, shi kuwa wannan nesa yake da teku, ƙasusuwan kuma a haɗe suke fitowa, daga kai har wutsiya. Akwai Seymouria guda biyu da aka samu kwance gefe da gefe. Akwai Eudibamus, ƙaramin mai jan ciki da ake ganin yana iya gudu da ƙafafun baya biyu, kimanin shekara miliyan 290 da suka wuce. Wanda ya fi burge ni shi ne Orobates, domin an samu ƙashinsa an kuma samu sawunsa a dutse. Masana suka ƙera mutum-mutumi daidai da ƙasusuwan, suka riƙa gwada masa tafiya iri-iri har ta dace da sawun. Samun dabba da sawunta a wuri guda ba abu ne da aka saba gani ba.

Ibrahim: Hajiya, a bar ni in ƙara Moradi, kusa da Arlit a arewacin Nijar, don ina ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba. Duwatsun na ƙarshen zamanin Permian ne, kafin babbar halakar da ta auku shekara miliyan 252 da suka wuce. A 2005 Christian Sidor da abokan aikinsa suka bayyana dangin kwaɗi biyu daga can, Nigerpeton da Saharastega. Nigerpeton kansa kamar na kada yake, yana da haure a muƙamuƙin ƙasa da ke ɓullowa ta wasu ramuka a saman hancinsa idan ya rufe baki. Abin mamakin shi ne 'yan'uwansa na kusa sun ƙare a sauran duniya tun shekaru miliyoyi kafin nan. Bayanin da aka bayar shi ne lokacin nahiyoyi a dunƙule suke wuri ɗaya, tsakiyarsu hamada ce, sai ta killace waɗannan dabbobi suka ci gaba da rayuwa su kaɗai. A nan kuma aka samu Bunostegos, mai jan ciki mai cin ganye, girmansa ya kai na saniya, kansa duk ƙululu, ƙashin hannunsa yana nuna a miƙe yake tsayawa, ba a baje kamar ƙadangare ba. Idan kin karanta Moradi, ki haɗa shi da Karoo ta Afirka ta Kudu, zamani ɗaya ne amma dabbobin sun sha bamban.

Zainab A.: Karoo kam babu kamarta wajen jerin duwatsu da suka ratsa halakar nan, ki ga wanda ya tafi da wanda ya tsira, irin su Lystrosaurus. Akwai cibiyar Kitching a Nieu-Bethesda da ke kai baƙi su ga ƙasusuwa a inda suke kwance. A can doka ta hana ɗaukar ko ɓalli ba tare da izini ba, haka ma a Joggins.

Nura: Na cikin teku kuma, Monte San Giorgio a iyakar Suwizalan da Italiya, gidan Tanystropheus mai wuyan da ya fi gangar jikinsa tsawo. Sai Holzmaden a Jamus, inda aka samu uwar ichthyosaur, mai jan ciki na teku mai siffar kifi, da 'ya'ya a cikinta.

Bilkisu: Allah ya saka muku da alheri. Zan bi su a jere, Girinlan, Joggins, Bromacker, Moradi. Tambaya ɗaya ta rage: duk waɗannan dangi ne na nesa. Shi kwaɗo na ainihi fa, ina aka fara ganinsa?

Hajiya Rabi: Madagaska, 'yata. Ki nemi Triadobatrachus, mai kimanin shekara miliyan 250, tsawonsa kamar santimita 10. Kansa ya riga ya zama na kwaɗo, amma yana da 'yar wutsiya, gaɓoɓin ƙashin bayansa 14 ne alhali na kwaɗin yau ba sa wuce 9, ƙafafun bayansa kuma ba su yi tsawon da zai yi tsalle sosai ba. Guda ɗaya tak aka taɓa samu, a cikin dunƙulen dutse da aka tsaga biyu, yana ajiye a gidan tarihin halittu na birnin Paris.