Duktur ya soke min aikina a kan lamba ɗaya, ku ba ni shawara

Abu Hafsa (Jidda): Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ina tuƙi da rana, karatu da dare, kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, bai ma san na koma makaranta ba, mai ɗakina ta sayar da awarwaronta aka sayi kwamfutar nan. A aikin ƙarshen zango na ɗauki 2 guda 67 na ninka su da juna na cire 1, ya ba ni 147,573,952,589,676,412,927. Na rubuta cewa adad awwali ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Na sa kwamfuta ta gwada raba ta tun daga 2 har miliyan 5, babu wadda ta shiga. Duktur, malaminmu, ya ja jan layi, bai ce min komai ba. Lahadi za a rufe karɓa. In kai ƙara ne?

Malam na Madina: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kai ƙara, duktur na da gaskiya. Ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 ka gani. Miliyan 5 ko bakin kogin ba ka je ba. In gwaji ɗaya bayan ɗaya za ka bi, sai ka kai wajen biliyan 12 kafin ka ce ba ta rabuwa.

Maman Walid: Ni dai na ce ya kai. Haka aka yi wa ɗana bara, jan biro ba bayani, kuɗin makaranta kuwa riyal ɗaya ba su yafe mana ba.

Abu Hafsa: Malam, ai ba da ka na yi ba. 67 ba ta rabuwa, kuma da na gwada 3, 5, 7 da 13 a madadin 67 na sami 7, 31, 127 da 8191, duk ba sa rabuwa. Mersenne, masanin lissafi, da kansa ya sa 67 a jerinsa na lambobin da ke ba da adad awwali ta wannan hanya.

Malam na Madina: Ya sa ta a 1644, kuma ya yi kuskure. Ina ka baro 11? Ita ke ba da 2047, wato 23 sau 89. Masanin lissafi Lucas ya nuna a 1876 cewa lambarka tana rabuwa, sai 1903 wani masanin, Cole, ya fito da lambobin nan biyu, ya ninka su a kan allo bai ce uffan ba. Ka karanta gwajin Lucas-Lehmer, hanyar gane ko irin wannan lamba tana rabuwa, taki 65 kawai yake buƙata a nan.

Ɗan Makka: Ya akhi, canza 67 ta koma 61 ka miƙa. Lambar da 61 ke bayarwa ba ta rabuwa.

Malam na Madina: Lambar za ta gyaru, hujjar tana nan a karye.

Abu Hafsa: Shafi 14 na rubuta, duk a kan 67 aka gina su. Ko da na yi kuskure, ai haƙƙina ne ya kira ni ya faɗa min. Wa ya san yadda ake rubuta takardar ƙorafi da Larabci?