Cavapoo ko Cockapoo: wanne za a kawo wa tsohuwa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma zuwa Juma'a ake jiran amsata. Tsohuwar nan da nake kula da ita safe da yamma a nan Ingila, Baturiya ce, shekararta 78, mijinta ya rasu bara. Tun daga lokacin gidan ya yi tsit, ko abinci ba ta ci sai na zauna kusa da ita. 'Yarta tana so ta saya mata ƙaramin kare ya riƙa ɗebe mata kewa, ta tsaya a kan iri biyu, Cavapoo da Cockapoo, ta ce in faɗi ra'ayina tunda ni ce kullum a gidan. Jiya Yaya Bala ya ce min in rufe ido in ce Cavapoo: wai ya fi natsuwa, ba ya zubar da gashi, kuma tunda ruwa biyu ne ba ya ciwo. Haka ne?

Yaya Bala: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Ƙanwata, ki dubi asalinsu kawai. Dukkansu jinin Poodle ne ta gefe ɗaya, wato karen nan mai murɗaɗɗen gashi da ba ya yawan zuba. Ɗaya gefen ne ya raba su. Cavapoo ɗan Cavalier King Charles Spaniel ne, karen cinya, wanda aikinsa tun zamanin sarakunan Ingila shi ne kwanciya a jikin mutum. Cockapoo kuwa ɗan Cocker Spaniel ne, karen farauta da aka raina don ya kutsa cikin ciyawa ya tayar da tsuntsu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maƙwabciyata tana da Cavapoo, shekara uku muna katanga ɗaya, da wuya in ji haushinsa. Ta zagaya da shi unguwa ɗan lokaci, ya dawo ya kwanta a ƙafarta. Me tsohuwa take nema da ya wuce wannan?

Anti Rifkatu: Bala, rabin maganarka gaskiya ce. Ni mai Cockapoo ce, shekara huɗu ke nan, don haka ba labari aka ba ni ba. Ƙarfe shida na safe za ka tarar da ita a bakin ƙofa da igiyarta a baki. Ruwa ake yi ko ƙanƙara, sai mun fita. In muka isa fili hancinta ba ya barin ƙasa, ta bi sawun kurege daga nan har can. Ranar da ban samu fita da ita ba, safar yara ce ke biya, sai dai in tsince su a ƙarƙashin kujera duk sun jiƙe da yawu. Amma akwai abin da ban sani ba sai bayan na saya: Cocker ɗin nan kala biyu ne. Akwai na aiki, wanda har yanzu ake farauta da shi, akwai kuma na baje koli, mai dogon kunne da sanyin jiki. Tawa uwarta ta aiki ce, mai sayarwa bai faɗa min ba, ni kuma ban san in tambaya ba. Wadda ta samu ɗan na baje koli ba za ta sha irin wahalata ba. Saboda haka kada a yi musu kuɗin goro.

Yaya Bala: Anti, ai kin ƙara min hujja ne. Matar da ke tafiya da sanda ina za ta iya da ƙarfe shida na safe?

Anti Rifkatu: A kan kuzari na yarda da kai. Inda ban yarda ba shi ne "ba ya ciwo". Dakta na nan, ya yi magana.

Dakta Sani: Na karanta duka. Yaya Bala, da girmamawa, maganar cewa ruwa biyu ba ya ciwo ita ce ta fi damuna, domin da ita ake cin kasuwa. Kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta fitar da bincike a 2024 a kan wannan tambayar. Sun tattara bayanan karnuka sama da 9,000 daga masu su: Cockapoo, Cavapoo, Labradoodle (haɗin Labrador da Poodle), da tsantsar irin da aka haɗa aka same su. Suka gwada cututtuka 57. A kusan kashi 87 cikin 100 na gwaje-gwajen ba a ga wani bambanci ba. Sauran kuma ya rabu kusan biyu, wani wuri ruwa biyun ya fi lafiya, wani wuri ya fi ciwo. Ciwon kunne ma dukkansu ukun sun fi iyayensu na ɗaya gefen, wato waɗanda ba Poodle ba, kamuwa da shi.

Sai dai karnukan da aka duba matasa ne, ciwon da nake tsoro a jinin Cavalier kuwa sai tafiya ta yi nisa yake bayyana. Akwai wata 'yar ƙofa a ɓangaren hagu na zuciya da ke hana jini komawa baya. A Cavalier tana lalacewa da wuri fiye da sauran karnuka. Da farko likita ne kaɗai ke jin ƙarar a abin sauraron ƙirji, mai kare bai san komai ba. Daga baya sai tari da dare, haki, gajiya a ɗan tattaki, sannan magani kullum har ƙarshen rai. Na biyu, ƙoƙon kansu ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, sai ruwa ya riƙa taruwa a lakar ƙashin baya. Na taɓa ganin wata a wurin aiki, tana tafiya tana ɗaga ƙafar baya tana susar iska a gefen wuyanta, farcen ko taɓa fata ba ya yi. In an ɗauke ta sai ta ƙwalla ƙara. Mai ita ya yi watanni yana saya mata maganin ƙuma. Abin ya kai a watan Oktoba na 2023 kotun ƙolin Norwe ta yanke hukunci cewa ci gaba da hayayyafar tsantsar Cavalier ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi ta ƙasar. Haɗa shi da Poodle yana iya rage haɗarin, amma rabin jinin yana nan.

Yaya Bala: To shi Cockapoo lafiya lau yake ke nan?

Dakta Sani: A'a. Kunne shi ne matsalarsa ta yau da kullum: ya faɗo ya rufe, ga gashi a ciki, iska ba ta shiga. Akwai kuma makantar gado da ke zuwa sannu a hankali, wadda Poodle da Cocker duka suke ɗauke da ita. Amma wannan ana gane ta da gwajin ƙwayar halitta kafin a haɗa iyaye. Ciwon zuciyar Cavalier ba shi da gwaji guda irin wannan, sai dai a riƙa duba iyayen shekara bayan shekara.

Anti Rifkatu: Kunnen nan sau uku ya kai mu asibiti. Warin kaɗai ya isa ya gaya miki lokaci ya yi.

Baban Zara: Ni a kan gashi zan yi magana, don ya taɓa gidana. Zara tana da asma. Mun je gidan abokin aikina, ya ce mu kwantar da hankali, karensa irin wanda ba ya tayar wa kowa da ciwo ne, jinin Poodle. Ba mu yi awa ɗaya ba idanunta suka yi ja, ƙirji ya fara kuka, a mota ta sha abin shaƙarta. Likitanta ya ce ba gashin ba ne, wani sinadari ne da ke cikin yawun kare da amosanin fatarsa. Kare ya lashi jikinsa, ya bushe, ya bi iska. Maman Ilham, ki tambaya ko tsohuwar ko jikokinta akwai mai irin wannan.

Dakta Sani: Gaskiya ne. An yi bincike a Detroit ta Amurka a 2011, aka auna ƙurar gidaje, ba a samu bambanci tsakanin gidajen masu irin waɗannan karnuka da na sauran ba. Mutumin da ya haɗa Labradoodle a Ostareliya a 1989, Wally Conron, don wata makauniya ya yi, wadda mijinta ba ya jure gashin kare, kuma daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadamar ƙofar da ya buɗe. A haihuwa ɗaya wani kwikwiyo zai ɗauko gashin Poodle, ɗan uwansa ya ɗauko na Spaniel.

Anti Rifkatu: Kuma gashin da bai zube a ƙasa ba, a jiki yake cukurkuɗewa. Bayan kunne, hammata, gindin wutsiya. In ba a taje ba kwana uku sai ya dunƙule kamar tsumma, yana jan fata. Duk sati shida zuwa takwas sai na kai ta aski, ban da tajewar gida. Tsohuwa mai ciwon gaɓɓai a yatsu ba za ta iya ba, kuma a nan babu wanda ya fi wani tsakanin su biyun. Ƙanwata, a kanki aikin zai faɗo, ki sani tun yanzu.

Maman Ilham: Anti, abin da ke raina ke nan ban faɗa ba. Da kuma maganar salla. A gidan nake yin Azahar da La'asar ranakun da na wuni. Malam, in ya lashe min tufafi fa?

Malam Hadi: A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne, shi ya sa za ki ji 'yan uwa daga wasu ƙasashe suna tsanantawa. Ajiye kare a cikin gida ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, wannan hadisi ya yi magana a kansa, kuma ba zan ba Musulmi shawarar ya yi ba. Amma ke ba naki ba ne, aiki ya kai ki. Ki keɓe hijabi da darduma a jaka, ki nemi ɗakin da za a riƙa rufewa. In kuma dabbar ta shigo hannunki, haƙƙinta na ci da sha yana wuyanki lokacin da kike gidan.

Maman Ilham: Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi.

Yaya Bala: Duk na ji. Na janye maganar ba ya ciwo, na janye ta gashi. Amma tambayar ita ce wanne a cikin biyun, kuma har yanzu ba wanda ya nuna min cewa Cockapoo ya fi dacewa da mai shekara 78. Ciwon zuciya sai nan da shekaru. Jan igiya da zai kayar da tsohuwa a kan titi kuwa gobe ne. Karyewar ƙugu a wannan shekarun kun san abin da take nufi, ku da kuke aikin kula da tsofaffi.

Anti Rifkatu: Sai nan da shekaru, lokacin tana da 85, ta shaƙu da shi, ta zauna tana ƙirga numfashinsa da dare. Matar da ta binne mijinta bara. Ni wannan nake hangowa, Bala.

Dakta Sani: Ku biyun kuna magana kamar dole kwikwiyo za a kawo. Kwikwiyo ko na wane iri ne, watannin farko fitsari ne a tsakar ɗaki, cizon yatsu da haƙora kamar allura, da kutsawa tsakanin ƙafafu. Fatar tsofaffi ba ta jure wannan. Kuma karnukan nan suna kai shekara 12 zuwa 15. Ni da za a bi tawa, a nemi babba mai shekara biyar ko shida a gidajen da ke karɓar karnukan da aka rabu da su. An riga an san halinsa, an san gashinsa, likita ya saurari zuciyarsa a shekarun da ciwon ke fara nuna kansa. A wannan sharaɗin ina tare da Yaya Bala, Cavapoo zan zaɓa mata. In kwikwiyo ne daga iyayen da ba a duba ba, ba na tare da kowa.

Baban Zara: 'Yar za ta yarda kuwa? Masu kuɗin nan hoton kwikwiyo suke gani a intanet su biya kafin alƙalami.

Dakta Sani: In ta nace, to ta je da ƙafarta. Tun Afrilun 2020 doka ta hana dillali ko kanti sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba a Ingila, sai dai a saya wurin wanda ya raine shi ko a karɓo a gidan ceto. Dokar sunan wata karya ta ci, Lucy, ita ma Cavalier ce, da aka ceto daga wata gonar hayayyafa a Wales bayan an gama tatse ta da haihuwa. 'Yar tsohuwar ta tabbatar ta ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi. Kada ya gaza sati takwas, kuma a riga an sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Ta nemi takardar likitan zuciya ta gefen Cavalier, mai kwanan wata na kusa, kuma uwar ko uban ya kai aƙalla shekara biyu da rabi, da takardar gwajin ido ta gefen Poodle. Wanda ya ce zai kawo mata shi a wurin ajiye motoci, ta kashe waya.

Anti Rifkatu: Ki kuma gaya mata ta tuntuɓi Cinnamon Trust, masu sa kai ne da ke taimaka wa tsofaffi da fita da karnukansu. Dogs Trust kuma, ƙungiyar ceton karnuka, suna da katin da ake cikewa kyauta, in mai kare ya rasu su karɓe shi. Magana ce mai nauyi, amma gara 'yar ta ji ta yanzu. Ni dai har yanzu da Cockapoo ɗan na baje koli aka samu, babba, hankalina zai fi kwanciya.

Yaya Bala: Ni kuma Cavapoo.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ɗazu da na je ba ta maganin dare na tambaye ta ita kanta, abin da ban ga kowa ya yi ba a gidan. Ta ce da suna da wani ɗan kare lokacin da yaran suke ƙanana, shi ke kwana a kan takalman mijinta. Ta ce ba ta son mai tsalle, tana son wanda zai zauna ta yi masa hira. Ranar Juma'a zan gaya wa 'yar a fara neman babban Cavapoo a gidajen ceto, kuma a rubuta a takardar aikina wa zai riƙa fita da shi da kai shi aski, don awa biyun da nake yi da safe ba za su ɗauka ba. Dakta, in an samu wani aka ba mu takardar zuciyarsa, zan turo maka hotonta ka duba min kafin a sa hannu.