Labule Zai Tashi a Ikko: Musayar Baitoci

Ɗalibar Akoka

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Disamba ta kawo jiki, kun kuma san a garin nan lokacin ne gidajen wasan daɓe ke buɗe kakarsu: Terra Kulture na Bolanle Austen-Peters a titin Tiamiyu Savage da ke Victoria Island, MUSON a Onikan, ga babban gidan wasan ƙasa na Iganmu da aka yi wa kwaskwarima. Na zo tsokana ne. Amsa da baiti, amsa-amo "ya". Wanda ya sauya, shayin kowa a wuyansa.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Mai ba harshe ikon faɗin gaskiya.

Disamba ta zo, fitilu sun kama,
Tsibiri ya sha ado kamar amarya.

Can Tiamiyu Savage an share dandali,
Kujera 400, kowacce da mai saya.

Bolanle ta kafa gidan a 2003,
Lauya ce, ta aje doka ta ɗau tatsuniya.

Sun yi Saro, samari huɗu 'yan ƙauye,
Da suka zo Ikko da waƙa a zuciya.

To wannan ba labarinmu ba ne, jama'a?
Wa ya fi mu sauka tashar Iddo da ƙullin kaya?

Moremi ta Ife ta hau dandamali,
Mu ko ina Amina, tamu sarauniya?

Bara na shiga zaure na ƙirga huluna,
Ba zanna-bukar, ba mayafi ko ɗaya.

Sai a ƙofa na iske ɗan'uwana,
Da tocila yana nuna wa motoci hanya.

Ku taso bana mu cika sahu guda,
Mai uzuri ya kawo, amma ban da ƙarya.

Mai Tumatir na Mile 12

Wa alaikumus salam ƙanwata. A kan buhun albasa na rubuta wannan, in kin ji yaji ki yi haƙuri.

Ƙanwata kin yi kira mun amsa,
Amma lissafi ba ya jin magiya.

Tun kafin assalatu tirela ke isowa,
Daga Kadawa ta kwana tana tafiya.

In ban raba kwanduna da wuri ba,
Rana ta taɓa su, sai dai a yi miya.

Ki ce in bar wannan in hau Gada ta Uku,
In tsufa a gosulo, ana ja ana tsaya?

Tikiti guda ya ci kuɗin kwando,
In na kai uwargida dole in kai amarya.

Sannan a dinga Turanci da Yarabanci,
Zaure na shewa, ni zuru kamar mujiya.

Wasan da na sani na Lahadi ne da yamma,
Dambe: a yi kisa, a tashi lafiya.

Baba Mai Gadin Ikoyi

Jikana ke danna wayar, ni ke faɗa. Amaryata ta Akoka, mai tocilar nan da kika gani, in ba ni ba ne to ƙanena ne. Zauna ki ji.

Na sauka Iddo gashina baƙi wuluk,
Murtala na Barikin Dodan, soja ke da Nijeriya.

Na ga Iganmu ana zuba kankare,
A fadamar da ba ta ɗaukar ko akuya.

Muka ce hular soja ce aka kifa,
Ashe zanen an kwafo shi daga Bulgeriya.

1977 aka buɗe FESTAC,
Baƙar fata ta taru daga duk duniya.

Wata guda ba mu san barci ba,
Ganga iri-iri har wayewar safiya.

Namu kason aka kai shi Kaduna,
Hawan daba, dawaki sun toshe hanya.

Tun ran nan aka raba mana gado,
Su da dandamali, mu da doki da garaya.

Sau ɗaya maigidana ya ba ni tikiti,
Na sa babbar riga, na shiga da fariya.

Sai ga wani ya fito da buta da rediyo,
Wai shi ne Bahaushe, "aboki" mai suya.

Yana "walahi", yana faɗuwa yana tashi,
Ya kasa ƙirga canji, zaure na dariya.

Na dubi na dama, hawaye yake don daɗi,
Na dubi na hagu, ya riƙe ciki da wuya.

Shekara 40 ina tsaron ƙofofinsu,
Ashe haka nake a idonsu, ran nan na jiya.

Na fita tun ba a sauke labule ba,
Na koma kan bencina, can na fi lafiya.

Bazazzagin Idi-Araba

Baba, Allah ya huci zuciyarka. Zan zo kanka da ladabi, amma bari in fara sallamar bawana Bakano.

Bakano ka ji kunya, kwando ka sa gaba,
Ko iska aka sa wa kuɗi sai ka taya.

Abin da kake liƙa wa makaɗan dambe,
Ya kai ka Tsibiri da uwargida da kishiya.

Baba, abin da ka gani na gan shi ni ma,
Ƙaya ce, na san zafinta a zuciya.

Amma aski ne aka yi mana ba ma nan,
Mai kai bai zo ba, wanzami ya yi yadda ya iya.

Kuma ba duka suka mai da mu buta ba,
Ahmed Yerima ya rubuta na gaskiya:

Attahiru, Sarkin Musulmin da ya ƙi bi,
Ya faɗi a Burmi, 1903, bai ja da baya.

Marubucin har gidan Iganmu ya riƙe,
Mu nawa muka je muka ce masa godiya?

Sannan wa ya ce mu baƙi ne a sana'ar?
Tashe fa? Ko kun yar da gargajiya?

Goma ga azumi yaro ya manna auduga,
Ga tsoho da gemu yana rangaji a hanya.

Nalako ya ɗaure gwauro ya zaga Kano,
Birni ya fito kallo, ba tikitin saya.

'Yan kama su mai da wa'azi na tuwo da nama,
Har malamin unguwa ya ɓoye dariya.

Samanja a akwati daga Kaduna,
Wa bai bar tuwo ya ruga ba don ya jiya?

Abin da muka rasa rufi ne da fitila,
Da mai kuɗin da zai ce: ku yi, na biya.

Gwaggo Mai Tuwo ta Obalende

Ni ban iya "ya" ɗin nan taku ba, da "wa" bakina ya saba. Shayin ku zo ku sha, dama ni ke dafa shi. Malam Bazazzagi, kai nake jira ka gama.

'Yata ta Akoka kina kiran Amina,
To wace ce za ta hau ta yi takawa?

In an ce ana neman 'ya mai ƙarfin hali,
Ta riƙe mashi, ta buɗe murya da rerawa,

Uban wa zai bari? Ku dube ni da kyau,
Taka 'yar za ka miƙa, Malam mai koyarwa?

Mu ne mu ce ba a sa mu a wasa,
Mu ne in ɗa ya shiga mu hau tsinewa.

Sai 'yar wasu ta ɗaura mana lulluɓi,
Ta karya harshen, mu koma muna kushewa.

Shekara nawa ina tuƙa tuwo a Obalende,
Ban ga tukunyar da ta dahu da hangowa.

Zan je, amma da tambaya biyu tak:
Wane irin kaya 'yan rawar ke sawa?

Kuma in Magariba ta riske mu a zaure,
Ina ruwan alwala, ina wurin shimfiɗawa?

Bazazzagin Idi-Araba

Gwaggo, tawa 'yar likita za ta zama in sha Allah. Baitin amsa yana zuwa, alƙalamina ne ya ƙare.

Ɗalibar Akoka

Malam ya gudu, a rubuta. Gwaggo, shayi ya hau kanki, shaidu sun gani. Batun salla, akan yi wasan rana a yi na dare, sai mu ɗauki na rana mu fito kafin Magariba. Batun kaya kuwa, zan leƙa tukuna in zaɓa miki. Irin na Fela da matan Kalakuta da suka fara a 2017, wannan ba da ke zan je ba. Sauran maganar taki ta taka ni inda ke ciwo.

Gwaggo kin tono wadda nake rufewa,
Abbana na Funtuwa, shi nake wa ɓuya.

Ya ɗauka Turanci nake karantawa,
Ni ko ina kan dandamali tun safiya.

Ran da na sa alkyabba na fito Daurama,
'Yan ajinmu suka ce: ina wannan rijiya?

Na ce Kusugu, tana Daura har gobe,
Maciji ya hana ɗiba sai Juma'a ɗaya.

Suka yi tsit, malaminmu ya ce in ƙara,
Ashe yunwar labarin suke, ba ƙiyayya.

Na dawo ɗaki na ɗau waya in kira Abba,
Na aje, na sake ɗauka, na ji kunya.

Yaya na Mile 12, bar zancen gosulo,
Motar BRT daga ƙofarka take ɗaukar hanya.

Tun 2008 take zuwa CMS,
Ka sauka ka taka Broad Street, ba wuya.

Ga Freedom Park, kurkukun Turawa a da,
Yau dandali ne a fili, gindin bishiya.

Inda aka ɗaure mutane ake wasa yau,
Me zai hana mu kai tashe tsakiya?

Angona na Ikoyi, share hawayenka,
Bana ni zan riƙe sandarka in yi rakiya.

Ɗan Agege

Ina gaida manya. Ni ba mawaƙi ba ne, a yi haƙuri da gurgun baiti.

Tun da aka hana mu acaba a Tsibiri,
Ban ƙara taka can ba ko sau ɗaya.

Amma jan layi ya zo mana har Agege,
Jirgi zuwa Oyingbo, ba hayaniya.

In dai tashe za a kai, ku sa ni gwauro,
Ba sai an koya min ba, ni ne shi, ba ƙarya.

Kalangu kuwa ku bar shi a hannuna,
Mahautan Oko-Oba ba sa jiran tambaya.

Mai Tumatir na Mile 12

Bazazzagi, na ji ka sarai. Tun yaushe bawa ke ɗaga wa ubangidansa murya?

Malam mai alli, aljihu duk ƙura,
Kai ka san Burmi, ni na san abin biya.

Gwaggo ta yi maka tambaya guda tak,
Sai alƙalami ya ƙafe kamar rijiya.

Ka ce mai kuɗi ne ya rage a samu,
To ga Bakano, in za ku yi da gaskiya.

Kwando 10 na sa, ku sayar ku fara,
A rubuta sunana a ƙyalle, a tsakiya.

Sharaɗina in an zo rabon matsayi,
Bazazzagi ne jaki, ni ne mai kaya.

Na Disamba zan je, amma ni kaɗai,
Kar a kai labari gun uwargida da amarya.

Gwaggo Mai Tuwo ta Obalende

Ɗan nan, ka makara. Na riga na tura wa su biyun. Tikiti uku za ka saya, na huɗu nawa.

Baba Mai Gadin Ikoyi

Yaron nan ya karanta min duka, har sau biyu. Amaryata, Allah ya yi miki albarka, ki kira mahaifinki, in ya yi faɗa ki haɗa ni da shi. Tsibiri dai na yafe, amma in a Iganmu ne, ga tawa.

An sauya wa hular soja suna a 2024,
Ta Wole Soyinka ce yanzu, in ji masu waya.

Bankuna sun zuba kuɗi sun gyara ta,
Jirgi ma na tsayawa gabanta a hanya.

Ba don wasansu zan sa rigata ba,
Zan je in ga inda ina saurayi na tsaya.

In mai buta ya sake fitowa, amaryata,
Bana ba fita, zan miƙe a tsakiya,

In ce: ɗana, ba haka ake riƙe ta ba,
Kawo in nuna maka, tun da ba ka iya.

Sai dai wa zai riƙe min ƙofa ran nan? Maigida ba ya son a bar ta ko na minti biyar.

Mai Tumatir na Mile 12

Ga Bazazzagi nan, Baba, makarantu na hutu a Disamba. A ba shi tocila da bencin.