An ɓoye wa Baba gwangwanin suga, wai shi ke kawo kansar maƙoshi

Telan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon zance, abin ne ya hana gidanmu sakat.

Mahaifina ya haura shekara 65. Fataucin goro ya yi da ƙuruciya, yanzu kuwa daga masallaci sai majalisa. A majalisar tasu akwai wani Buzu da ke dafa musu shayi a 'yar buta kan gawayi, dahuwa uku, kowace da suga kamar za a yi alewa. Baba kuma in shayi bai ƙona masa harshe ba cewa yake an ba shi ruwan wanke kofi. Tun ina makarantar allo haka na san shi.

Bayan babbar Sallah ya fara cewa nama na tsaya masa a ƙirji. Muka ce haƙora ne suka gaji. Daga baya tuwo ma ya soma tsayawa, sai ya kora da ruwa. Yanzu daga kunu sai fura, ita ma a dama ta ruwa-ruwa. Ni na ɗinka masa kayan Sallah, makon jiya na sake gwada shi, sai da na rage inci uku a ƙugun wando. A nan ne gabana ya faɗi.

Ƙanwata da ke aure a Gusau ta turo wata murya a WhatsApp, wai suga ne ke ciyar da miyagun ƙwayoyin cuta na cikin hanji, su kuma su haifar da kansar maƙoshi. Inna na ji ta ɗauke gwangwanin suga ta kulle a akwati. Baba ya rantse ba zai sha kunu lami ba. Kwana huɗu ke nan ana wannan ja-in-ja, ga ciwo ga yunwa. Don Allah masu sani, maganar nan gaskiya ce? In an hana shi sugan abin zai warware?

Dattijon Kanwuri ya rubuta:

Yaro, ku mayar ma tsoho da sukarinai. Mu da rake da mazarƙwaila munka tashi, ba mu ji wanda sunka kashe ba. Wanga abu ƙwannahi na, a jiƙa mashi 'yar kanwa ya sha da sahe. Ku yaran yanzu komi waya tac ce sai ku hau kai ku zauna. Allah shi ba shi lahiya.

Nas ta Arkilla ta rubuta:

Baba na Kanwuri, a gafarce ni, rabin maganarku na yarda da ita, rabi kuwa a'a. A mayar masa da suga, wannan haka ne. Mutumin da ke ramewa, wanda kunu da fura kawai ke wuce masa, ba shi ake yi wa ƙa'idar abinci ba. Amma batun kanwa a bar shi. Za ta iya kwantar da zafin ƙirji na ɗan lokaci, sai a ɗauka an samu sauƙi, wata biyu su ƙara wucewa a banza.

Malam Tela, abin da ka faɗa a tsakiyar zancenka ya fi tambayarka muhimmanci. Dattijo ya fara kasa haɗiye nama, sannan tuwo, sannan ya koma abin sha, ga rama: mu a wurin aiki in muka ji wannan jeri ba ma cewa a dawo wata mai zuwa. Ban ce kansa ce ba. Tsamin ciki da ya daɗe yana tasowa yakan bar tabo ya tsuke hanyar abinci, akwai kuma lalurar da ƙofar tumbi ke ƙin buɗewa yadda ya kamata. Ba mai iya rarrabe su da ido ko da waya. Sai an zura siririyar kyamara ta baki an leƙa, in an ga wani abu a ɗan gutsuro a kai ɗakin gwaji. Ku kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku faɗa wa likita yadda ka faɗa mana, har da incin nan uku.

Kansar hanyar abinci, wato bututun da ke kai abinci daga maƙoshi zuwa tumbi, iri biyu ce manya. Wadda ta fi yawa a Afirka da Asiya tana tasowa daga fatar da ta lulluɓe cikin bututun, kuma abubuwan da aka fi danganta ta da su su ne taba, giya, da abin sha mai tsananin zafi. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa abin shan da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo. Daga cikin hujjojinsu akwai binciken da aka yi a lardin Golestan na Iran, inda mutane ke shan shayi yana tururi kuma ciwon ya yi musu yawa. Ka ga ke nan a cikin kofin Baba, zafin ya fi sugan zama abin tuhuma. Shin yana shan sigari ko taba gari?

Ɗalibar Ilmin Ƙwayoyi ta rubuta:

Anti Nas ta gama magana a kan abin gaggawa. Ni bari in taɓa batun muryar, tunda fannin da nake karanta ke nan, kuma irinta ta zo wa Mamata ita ma.

Ba ƙarya ce zalla ba, gaskiya ce aka ja ta har ta tsinke. Cikin kowannenmu akwai bakteriya tiriliyan-tiriliyan, mafi yawansu a babban hanji, kuma akasarinsu ba abokan gaba ba ne. Abincinsu shi ne harzar da cikinmu bai iya narkarwa: ta wake, ta gero da dawa da ba a surfe su tas ba, ta kuka da zogale da kuɓewa. In sun ci sai su fitar da wasu sinadarai da bangon hanjin ke rayuwa da su. Suga kuwa yawancinsa tun a ƙaramin hanji yake shigewa jini. Wanda ya mayar da lemon kwalba da biredi abincinsa ya bar wake da ganye, jama'ar ƙwayoyin cikinsa za su sauya, wannan an gani, ko da yake da yawan gwaje-gwajen a jikin ɓeraye aka yi su.

To amma ku dubi nisan wurin. Maƙoshi na sama, babban hanji na can ƙasa. Ƙwayoyin da ke zaune a hanyar abinci sun fi kama da na baki, domin da yawu suke sauka. An samu wata mai suna Porphyromonas gingivalis, wadda ke ruɓar da dasashi, a cikin ƙarin kansar maƙoshi na wasu majinyata, kuma an lura ciwon ya fi samun masu zubewar haƙora da rashin tsaftar baki. Sai dai malaminmu kan ce, ganin ungulu a kan mushe bai nuna ita ta yi kisan ba. Har yanzu masu bincike na kan rarrabe ko ƙwayar ce ke fara ɓarnar, ko kuwa wurin ne ya lalace ta samu masauki. Ko ma dai yaya ne, asuwaki da buroshi ba su taɓa cutar da kowa ba.

Hanyar da suga ke bi wadda aka fi tabbatarwa doguwa ce. Yawansa na kawo ƙiba, teɓa ta danne ciki, tsami ya riƙa tasowa shekara da shekaru har fatar ƙasan bututun ta canja kama, daga nan iri na biyun na kansar da Anti Nas ta ambata ke iya fitowa. Shi ya fi yawa a Ingila da Amurka. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin gram 50 na suga a yini, wato cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Babbar robar lemo guda kan iya cinye wannan kason gaba ɗaya, mu kuwa in zafin Afrilu ya kama Sakkwato biyu muke kwankwaɗa kafin la'asar. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ban ga wanda ya fasa sha ba a ajinmu. Wannan lissafin namu ne masu lafiya, Yaya Tela. Ba na tsohon da wando ke zame masa ba ne.

Telan Mabera ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Nas, sigari ya sha wajen shekara 20 lokacin fatauci, ya bari da ya dawo daga Hajji. Ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba.

Jiya na rufe shago na kai shi. Sai da na haɗa da limamin unguwa kafin ya yarda ya hau Keke. Likita ya saurare mu, ya ɗora shi a sikeli, ya rubuta gwajin jini da na kyamarar, an ba mu ranar Talata, an ce ya zo bai ci komai ba tun dare. Na karanta wa Inna amsoshinku, ba ta ce uffan ba, ta tashi ta buɗe akwati. Da magariba ya sha kunun gyaɗa kofi ɗaya da rabi.

Shayin ne dai aka sha daga. Mun yi yarjejeniya in an zuba masa zai ajiye kofin ya ja carbi zagaye ɗaya kafin ya kai baki. Buzun ya ji haushi, wai ana ɓata masa aiki. Ku sa mu a addu'a ranar Talata.